Matar da Ta Zo da Kifi Ɗaya

Ina tsaye a shagon kifin ado sai ga wata dattijuwa ta shigo, mayafi a karkace, ido ya yi ja. Da hannu bibbiyu take riƙe da kwalba, ruwan ciki sai rawa yake. Kifi ɗaya ne a ciki, bai kai ɗan yatsa ba, ya lafe a gindin kwalbar.

"Ɗan nan, duba min," ta ce wa mai shagon. "Da can shuɗi ne da ja, yau ya koɗe."

Ya ɗaga kwalbar, ya nuna mata ɗan fiffike tsakanin bayan kifin da wutsiyarsa. "Tetra ne, Mama. Su nawa ne a gida?"

"Goma ne, tara sun mutu. Na maigidana ne, sati uku ke nan yana asibiti. Kullum su yake fara tambaya, ni kuwa sai in ce lafiya lau."

"Wannan tsoro ne ke cinsa. Irinsu a garke suke rayuwa. In 'yan'uwa suka ƙare, sai ya daina ci, launinsa ya gudu."

Ban san ta ba, amma ina jin ta yi shekaru tana mita kan akwatin gilashin kifayen mijinta da ya tare mata falo. Yanzu ga ta rungume da kwalbar a ƙirji.

"To wanda aka bari shi kaɗai," ta ce, ba ta kalli kowa ba, "kwana nawa yake yi?"