Wa-ya-fara, Mai Fentin da Ya Ara wa Magabata Fuskokin Maƙwabtansa

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi Wa-ya-fara a shekarar 1949, a wani gari da layin dogo ya raba gida biyu, cikin gidan da ke jingine da katangar tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran fitilu da bokitai ne, mahaifiyarsa kuwa tana wankau da guga. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma tun bai kai shekara shida ba laƙabi ya cinye sunan, domin ba a taɓa nuna masa abu ba, ko allura ce ko ashana, face ya tambaya, "Wa ya fara yin wannan?" An ruwaito cewa wata rana mahaifin ya gaji, ya ajiye guduma ya ce, "Kai yaro, ni na fara haihuwarka, ga shi kuwa ina ɗanɗana kuɗata."

Karatunsa

An sa shi makarantar firamare ta unguwa a shekarar 1956, ya kuma bar ta a 1961 daga aji biyar, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don benci ba ya iya riƙe shi. Ranar da malami ya ba su labarin wani masani na zamanin da wanda ya auna girman duniya da inuwar sanda, yaron ya sulale daga aji, ya kafa sanda a filin wasa, ya wuni yana bin inuwa har aka tashi. Daga nan bai sake zama ɗalibin kirki ba, sai dai bai taɓa daina karatu ba. Ya karanta tsofaffin jaridun da ake ƙunshe kaya da su, ya liƙe wa rediyo, ya kuma addabi duk matafiyin da ya sauka a tasha da tambayoyi, har ya tara a kansa labarin masana taurari, da likitocin farko, da magina, da masu zane, da matafiyan da suka ƙetare tekuna.

Sana'arsa

A shekarar 1962 mahaifinsa ya damƙa shi ga wani mai rubuta allunan shaguna da jikin motoci, inda ya koyi haɗa launi, da sirka fenti da kananzir, da tsayuwa a kan tsani ba tare da hannu ya yi rawa ba. A 1970 ya buɗe rumfarsa, nan take kuma ya yi suna da wata ɗabi'a: ba ya iya rubuta allo bai ƙara masa tarihi ba. A ƙarƙashin allon wanzami ya rubuta cewa mutanen farko da kaifin dutse suke aski. Wanzamin ya zo yana huci, yana cewa, "Aski na ce ka rubuta min, ba tarihin kakan kakana ba!" Amma da ya lura mutane na tsayawa su karanta, daga nan su shigo, sai ya bar allon yadda yake.

Aurensa

Ya yi aure a shekarar 1972, ya auri wata mai ɗinki 'yar layinsu, wadda daga baya kowa ya sani da Innar-yara. Mace ce mai kaifin baki da sanyin zuciya, ita kaɗai ke iya katse masa labari. Idan ya zauna gaban kwano yana bayanin yadda aka gano cewa duniya ce ke kewaya rana, takan ce, "Malam, ni ma ina da tambaya. Wa ya fara cin abinci bayan ya huce? Kai ne." Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, tana cewa wanda ke son ganinta ya san ƙofar gidan.

Bangon makaranta

A shekarar 1981 shugaban makarantar da ya bari tun yana yaro ya kira shi ya zana taswirar duniya da baƙaƙe a doguwar katangar da ke fuskantar titi. Wa-ya-fara ya gama wannan cikin gaggawa, sannan ya roƙi a bar masa sauran bangon ya jera mashahuran mutanen zamanin da, kowanne da kayan aikinsa a hannu da bayaninsa a ƙasa. Aka amince. Sai da ya hau tsani da buroshi ya tuna cewa ya san ayyukan waɗannan mutane kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Ya waiwaya ya dubi titi, ga fuskoki nan suna ta wucewa, kuma babu mai hana shi.

Haka masanin da ya auna duniya ya fito da fuskar mahaucin bakin kasuwa, har da tabon goshinsa. Wanda ya ƙera fitilar lantarki ya fito da fuskar mai gyaran keke, babban matafiyi ya sami ta direban motar haya, mai zanen da ya shafe shekaru yana ƙawata rufin wani katafaren gini kuwa aka ba shi ta magini. Masaniyar nan da ta gano sinadari mai haske a cikin duhu ta tsaya riƙe da kwalba mai walƙiya, da fuskar Innar-yara, har da 'yar hararar da take yi masa. A ƙarshen bangon ya bar wuri fari fat domin mutumin da ya fara zane a jikin kogo, ya ce bai ga fuskar da ta dace da shi ba tukuna.

Unguwa ta ɗauka. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙetaren layin dogo domin kallo, yara suka haddace bayanan ba tare da bulala ba, mahauci kuwa idan mai saye ya yi ƙorafi sai ya nuna bango da wuƙa ya ce, "Ni da na auna duniya, ni za ka ce sikelina bai cika ba?" Innar-yara ta je sau ɗaya, ta duba, ta ce kwalbar ta fi kama da ta man kitso, amma an ga tana murmushi har gida.

Ta rasu a shekarar 1994. Daga wannan shekara ya zamana duk inda aiki ya kai shi, ta gaban bangon yake bi, kuma bayan kowace damina fuskarta yake fara sabunta wa fenti.

Zuwan littafin hotuna

A shekarar 2003 aka kawo sabuwar shugabar makaranta, mace mai ƙwazo. Wata rana ta nuna wa ɗalibai hoton masaniyar nan mai kwalba na haƙiƙa, aji ya kaure da musu, yara suna cewa wannan ba ita ba ce, tasu tana waje. Shugabar ta aika aka kira shi, ta gaishe shi da ladabi, ta buɗe masa wani ƙaton littafi mai hotuna. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin dattijo ya yi murna irin ta ranar ba: ya tashi, ya zauna, ya tafa hannu, yana cewa, "Ashe haka kake! Ashe gemu gare ka!" kamar wanda ya haɗu da dangin da ya daɗe yana jin labarinsu.

Da ya natsu ta ce, "Baba, bangon nan ya koyar da yara da yawa, amma yanzu yana koya musu kuskure. Ko dai a gyara fuskokin kafin a dawo daga hutu, ko a shafe shi da farar ƙasa." Bai yi jayayya ba, domin ya san gaskiya ta faɗa, shi kuwa tun tasowarsa ba ya haɗa hanya da labarin ƙarya. Sai dai mahauci ya riga ya rasu, matarsa ta zo rumfarsa ta ce ba ta da wani hoton mijinta sai wannan. Shi ma abin da ke cinsa ke nan, domin ba shi da wani hoton Innar-yara sai na bangon.

Ya ari littafin ya duƙufa a kansa, har idonsa ya kai ga ƙananan rubutun da ke ƙasan hoton mai auna duniya, inda aka bayyana cewa wani mai zane ne ya ƙiyasta kamannin, ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar masanin. Ya fita da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, ya faɗa ofishin shugabar yana cewa, "Malama, duba nan! Ashe shi ma mahaucin unguwarsu ya zana!" Ta karanta, ta yi dariya har da hawaye, aka kuma daidaita cewa duk wanda ba a san kamanninsa ba zai zauna yadda yake, a ƙara masa layi guda: "Ba a san kamanninsa ba, an ari wannan fuska daga unguwa." Amma wanda kyamara ta ɗauka, tilas a ba shi fuskarsa. Mai gyaran keke da kansa ya riƙe tsani aka goge shi, yana cewa, "Goge ni, dama ka ƙara min hanci."

Saura Innar-yara, domin masaniyar tana da hoto, kuma babu shakka a kansa. Ya zana masaniyar da fuskarta ta gaskiya a gefen ƙofar makaranta, ya yi ta jan ƙafa a kan mai fuskar matarsa har ana gobe komawa makaranta. Da hantsi ya hau tsani da gwangwanin farin fenti, jama'a suka taru a ƙasa. Ya daɗe a tsaye yana kallonta. Sai ya tsoma buroshi ya shafe kwalbar, ya sauko taki biyu ya shafe bayanin, bai taɓa fuskar ba. Ya sa mata allurar ƙashi da zare a hannu, ya rubuta a ƙasa: "Wadda ta fara ɗinki da allura."

Ya leƙo daga sama ya ce, "Malama, akwai hoton wannan a littafinki?"

Ta ce, "Babu, Baba. Amma wa ya ce mace ce?"

Ya ce, "Wa ya ce namiji ne?"

Aka fashe da sowa, shugabar da kanta ta miƙa masa baƙin fenti ya ƙarasa layin aro.

Ƙarshen rayuwarsa da rasuwarsa

A shekarar 2011 ganinsa ya yi rauni, 'ya'yansa suka ɓoye tsanin, ya koma zama a benci gaban rumfa yana tare masu wucewa da tambayarsa ta kullum. Allah ya yi masa rasuwa da safiyar wata Talata a shekarar 2016, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka ratsa da shi ta gaban bangon, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan layin dogo, kusa da matarsa.

Ya bar 'ya'ya biyar da jikoki da dama: ɗansa makanike, da 'yarsa ungozoma, da tagwaye, ɗaya malamin tarihi ɗaya direban jirgin ƙasa, sai babbarsu da ake kira Yaya Mai Buroshi, wadda ta gaji rumfar. Ita ce bayan damina ta wuce ta fito da tsanin da aka ɓoye, ta jingina shi a ƙarshen bango, ta cike farin wurin nan da wani mutum mai ɗigon fenti a gemu, baki buɗe kamar zai yi tambaya. A ƙasa ta rubuta: "Wanda ya fara zane a bango. Ba a san kamanninsa ba. An ari wannan fuska daga unguwa." Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da amsoshinsa a can.