Dokin Ƙofar da Ya Tare Yaya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da yayana da direba, keken guragun Yaya ɗaure a saman mota. Labari ne ya iso mana cewa mutanen wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci sun gina ɗakin karatu na jama'a, har da gangara don masu keke. Yaya mayen littafi ne, amma bai taɓa shiga laburare ba, don ya rantse ba za a ƙara ciccibarsa kamar buhu a gaban mutane ba.

Titi lafiya lau har Ɗanbatta. Nan muka karya da koko da ƙosai mai arha. Direba ya sayi ƙari wai na guzuri, ya cinye kafin ya kai mota. Daga nan sai burji. Damina ta yi albarka, gero ya fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa, kafin ka bar wani ƙauye ka hango rumbunan wani.

Da muka isa ɗakin karatun, gangarar kuwa tana nan, an shafe ta da siminti. Yaya ya murza kekensa ya haye yana murmushi, amma a bakin ƙofa ya tsaya cak. Ashe magini ya yi abin da ya saba yi a kowane gida, ya ta da dokin ƙofa mai tudu don kada ruwan sama ya shiga. Ba wanda ya lura, domin guragun garin kan ajiye keke inda ake cire takalma su rarrafa ciki. Samari suka taso za su ɗaga shi. Ya ce, "A'a, na gode. Mu koma gida." Wallahi sai da zuciyata ta karye.

Mai kula da ɗakin, wani dattijo, ya dafa keken ya ce, "Malam, yi haƙuri ka sha fura tukuna. Laifinmu ne."

Aka kirawo maginin daga gona, ƙafarsa duk taɓo. Ya ce, "Baba, in na fasa, ruwa zai ci littattafan nan."

Dattijon ya ce, "To a haƙa wa ruwan kwata. Fasa."

Guduma ta hau aiki, samari suka kama haƙa. Ban taɓa ganin mutane na rushe aikin hannunsu da fara'a haka ba. Kafin azahar dokin ƙofar ya baje, Yaya ya shige da kansa. Wata gurguwa mai ɗinkin hula, da kallo ya kawo ta, ta bi bayansa a kan kekenta.

Da magariba muka iso gida a gajiye. Mutanen nan sun burge ni, an nuna musu kuskure ba su tsaya musu ba, kuma na gane gyaran ba sai an jira gwamnati ba. Muna sauke keke na tambayi Yaya me ya karanta.

Ya ce, "Ko layi ɗaya ban karanta ba. Zagaya kantocin kawai na yi ta yi, ba wanda ya riƙe ni."