Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, ina aji uku, gero ya fara fitar da kai. Tun hantsi ruwa ya tsuge, malaminmu ya rufe mu a aji har bayan azahar. Tsakanin makarantar da ƙauyenmu na gefen Tsamaye akwai wani rafi da muke wasan langa a yashinsa da rani. Ranar muka tarar ya cika ya batse, ruwan jawur. Malam ya jera mu a bakin gaɓa, ya ce kowa ya jira maza su kawo igiya.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna Bafulatana ce mai tsananin kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, ko "waccan". Ko zazzaɓi nake yi, kakata ce ke taɓa goshina. Na girma ina zaton ƙannena kawai take so.

Da na hango ta a tsallake cikin mata, ta kawar da kai kamar kullum, sai haushi ya kama ni. Na ɗora takalmana a ka, na tsoma ƙafa. Ruwa ya kai mini gwiwa, yashi na zamewa a ƙarƙashina.

"Balkisu! Balkisu, kak ki shiga ruwan ga!"

Muryar Inna ce. Malam ya fizgo ni baya, sai ga wani kututture ya wuce ta inda nake tsaye. Amma ba kututturen matan suka kalla ba, Inna suka kalla. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce, "Ashe kin san sunanta!" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na so ƙasa ta tsage in shige, don ni na jawo mata wannan abin kunya a gaban surukanta. Aka ƙetare da mu da igiya, muka taho gida ba mai kallon wani. Har kaka ta yi ana tsokanarta a bakin rijiya.

Yanzu an yi gada a wurin, kuma da hadari ya haɗu malamai ke buga wa iyaye waya. Ni ma ina kiran ɗan farina da sunansa ba ko kunya. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake ba. Da na san sau ɗaya ne, da ban sunkuyar da kai ba.