Rigar Japan a Gidan Malam Jumare

Duk unguwar Kusfa babu wanda bai san allurar Malam Jumare ba. Tun yana yaro yake zaune a zauren ubansa yana yi wa manyan riguna aiki, har bayansa ya ranƙwafe. Mutum ne mai zafin rai, kuma burinsa ɗaya ne, ya ga ɗansa Jibril ya sa aikin hannunsa ya shiga mutane.

Bayan yaƙin basasa Jibril ya samu aiki a wata masaƙa a Kaduna, inda injiniyoyin Japanawa ne. Wata Juma'a sai ga shi cikin riga irin tasu, gajera, mai aljihu biyu, wuyanta fayau ko zare ɗaya babu.

"Wannan fa?" in ji Malam.

"Yadin Japan ne, Baba. Ba nauyi, kuma yanzu a wanke yanzu ta bushe."

Ran Malam ya ɓaci matuƙa. Ɗan mai ɗinki guda ya ratsa unguwa da wuya tsirara, maƙwabta suna kallo! Ya sa shi ya tuɓe ta nan take, ya ce a bar masa ita.

Yadin santsi gare shi, allura sai zamewa take yi. Malam yana ɗinki yana tsaki, yana zagin duk wanda ya saƙa shi, amma bai ajiye ba sai da ya fitar da aikin da ko hakimi ya samu sai ya yi godiya. Da ya gama, sai ya yi abin da ya saba yi wa kowace riga. Ya cika dutsen guga da garwashi, ya ɗora a ƙirjinta. Yadin ya narke, wari ya cika zaure. Zaren aikin ne kaɗai ya tsira.

Da Jibril ya dawo, Malam ya miƙa masa rigar, yana jira ya ga yaron ya yi baƙin ciki, ko da faɗa ne ya yi masa. Jibril ya leƙa ramin, bai ko dubi aikin ba.

"Ba komai, Baba," ya ce yana murmushi. "Akwai irinta da yawa a kanti."