Ajiyar Yaya a Ƙarƙashin Gadona

Yayana mutum ne mai tsoron ɓarawo fiye da maciji. Noman rani yake yi a Tiga, kuma shekarar da albasa ta yi masa kyau, can tsakiyar shekarun casa'in, ya sayi mota 'yar Kwatano. Kafin mu gama yi masa murna har ya kai an zana lambar motar a kowane gilashi. Rediyon kuwa a hammata yake shiga da shi kasuwa. Muna yi masa tsiya cewa saura tayoyin ya riƙa kwana da su.

Ina aure a Ƙofa lokacin. Wata rana da hantsi ya zo gidana da ƙunshi a tsohon zani, ya ce ajiya ya kawo. Na kwance a gabansa, don ni ba na karɓar abin da ban gani ba. Wani abu ne mai nauyi kamar dutsen guga, fuskarsa baƙar roba, da wayoyi a bayansa. Ya ce tsakiyar sitiyarin motarsa ne. A ciki akwai jaka a naɗe, idan aka yi karo sai ta cika da iska nan take ta tare ƙirjin direba. Wai ya ji a Kano ɓarayi sun gano tsadarta, har gilashi suke fasawa su kwance ta, shi ya sa ya riga su, ya sa bakanike ya cire masa.

Na ɗauka wasa yake yi.

"Yaya, to idan aka yi karon tana gidana fa?"

Dariya ya yi, ya ce ai ba nisa yake zuwa ba, daga gona sai kasuwar Dangora. Ran da zai yi doguwar tafiya ta dajin Falgore zuwa Jos zai zo ya karɓa a mayar. Na yi faɗa har muryata ta dishe, ya ce tun ina yarinya bakina ya fi ni girma. Ramin da ya rage a sitiyarin baduku ya rufe masa da jar fata har da ado, duk wanda ya shiga motar sai ya yaba.

Na tura ƙunshin ƙarƙashin gado, bayan kwallayena. Duk zuwan da zai yi sai na ɗauko na ajiye kusa da kwanon abincinsa, shi kuma ya ci, ya wanke hannu, ya tashi ya bar min shi. Raina yana ɓaci, amma ƙanwa iyakarta magana.

Bai taɓa yin tafiyar Jos ɗin ba. Da kaka, da rana tsaka, yana dawowa daga Dangora shanu suka fito titi, ya kauce musu ya daki ɗorawa. Bafulatanin da ke kiwon shanun ne ya ciro shi. Ya gaya wa mijina ko jini bai gani ba, Yaya har ya tambaya ko ya taɓa saniya, sai dai yana dafe da ƙirji. Kafin a kai asibiti ya cika.

Bayan addu'ar bakwai na matsa wa mijina ya kai ni wurin. Motar tana nan gindin ɗorawar, madubai duka biyu, rediyo a mazauninsa, ba wanda ya taɓa ko ƙusa. Sitiyarin ya lanƙwashe, jar fatar ta yage, ga ramin nan a fili. Na zauna a ƙasa.

Masu gaisuwa sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ban taɓa ja da hukuncin Allah ba. Amma har yau ina yi masa addu'a ina jin haushinsa.

Na kai wa matarsa ajiyar, na gaya mata ko mene ne. Ta daɗe tana kallon ƙunshin, ba ta miƙo hannu ba.

"Ki mayar inda ya ajiye," ta ce.

Yana nan ƙarƙashin gadon, sabo fil. Ba a sace shi ba.