Tayar da Baba Direba Ba Ya Sa wa Mai

Filas, bargo, tabaraunsa, carbi, cajar waya, silifas ƙafa ɗaya. Abin da na tarar a cinyata ke nan muna tsakiyar hanya, maigidana kwance a kujerar baya yana dafe da ƙirji. A ƙofar asibiti wani dattijo siriri ya tare mu da gado mai taya. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce wa maigidan, "Hau, ranka ya daɗe, motata ba ta taɓa faɗuwa ba." Ya tura. Tayar gaba ta hagu tana ƙiii, ƙiii, har ɗakin masu ciwon zuciya.

Shi ne Baba Direba. Shekara talatin da ɗaya yana tura gado a wannan asibiti, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ƙarfe bakwai yake isowa. Gadaje biyu ne a hannunsa, ƙirarsu ɗaya, fentinsu ɗaya. Ɗaya na kai mutum hoto da tiyata. Ɗayan na kai mutum ɗakin ajiye gawa. Kullum da safe yakan durƙusa ya ɗiga wa na biyun man keke, taya bayan taya, ya tura shi gaba, ya jawo shi baya, ya kasa kunne. Na farkon ba ya taɓa shi. Wannan duk daga baya na sani.

Likita ya ce jijiya ce ta toshe, an buɗe ta, maigidan ya tsallake. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada ya firgita. "In ya sake samun bugun zuciya a satin nan, Hajiya, ban yi miki alkawarin komai ba."

Gado takwas ne a ɗakin, kowanne da allo a kansa, koren layi yana tsalle. Sau biyu na ga wannan da rana tsaka: Nas ta ja labule. An jima ta buɗe. Babu kowa, sai katifa tsirara da sawun taya a kan ƙasan da aka goge. Ban ji shigowa ba, ban ji fita ba. Inna, tsohuwar da ke jinyar mijinta tela a gadon kusa da mu, ta raɗa mini, "Direba ya zo da ta shiru."

Ban fahimta ba, ban kuma tambaya ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a waje ina karatun injuna, a ƙasar da ba a barin ko ƙofar banɗaki ta yi ƙara. Wannan ƙiii ɗin har cikin haƙorina nake jin ta. Ɗakin masu ciwon zuciya, a bar ƙarfe yana kuka? Na rubuta ƙorafi, shafi guda cif. Ranar hutun Baba, mai gyara ya zo da man giris, ya shafa wa tayar.

Washegari bayan azahar ina ba maigidan ruwa, na ji ɗakin ya yi tsit. Na ɗaga kai. Baba Direba ne tsaye a ƙafar gadonmu, hannunsa a kan gadon turawa. Babu wanda ya ji zuwansa. Tela ya ja bargo ya rufe kansa. Maigidana ya kalli gadon, ya kalli Baba, leɓensa ya yi fari.

"Ni? Baba, ai da raina."

Lambar da ke allon ta tashi daga tamanin ta wuce ɗari da talatin. Na'urar ta fara ihu. Nas ta taho a guje.

Baba ya sunkuya ya dubi tayar, ya taɓa, ya shinshina yatsansa. Ashe tun daga baranda ya ji wani abu ba daidai ba, bai gane mene ne ba sai yanzu. Ya ja gadon baya har bakin ƙofa, ya sake turowa a hankali. Sai ga ƙarar: ƙiii, ƙiii. Da bakinsa yake yi.

"Hoto ne kawai, ranka ya daɗe. Motar ce aka yi wa sabis ban sani ba."

Daga ƙarƙashin bargo tela ya ce, "Direba, Allah ya isa! Ko mai keke yana da ƙararrawa."

Wani ya fara dariya, tari ya sarƙe shi. Lambar ta soma sauka. Ni na tsaya da kofi a hannu, ruwan duk ya zube a zanina.

A baranda ya tsayar da ni. "'Yata, wa ya sa mata mai?"

"Ni na kai ƙorafi, Baba."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Mai ciwon zuciya da kunne yake zama. In ya ji ƙara tun daga nesa, ya san ta masu rai ce, sai ya gyara kwanciya. Waccan kuwa, wanda za ta ɗauka ba ya ji, sauran kuma bai kamata su ji ba."

"To me ya hana ka rubuta a jikin gadon?"

"In rubuta me? Kada a gyara? Ai sai a ce tsufa ya taɓa ni."

Ya wanke tayar da kananzir, ta ƙi. Giris ɗin mai kyau ne. Kwana tara ya yi yana yin ƙarar da baki kafin tayar ta dawo da kukanta. Kana zaune sai ka jiyo ta can ƙarshen baranda, muryar tsoho tana kwaikwayon ƙarfe, tana matsowa. Baƙi kan waiga su matsa gefe. 'Yan ɗakin kuwa sai su sauke ajiyar zuciya. Nas ta gaya mini in yana tura ɗayan, ko tari ya taso masa danne shi yake yi sai ya fita daga ginin.

A kwana na bakwai tela ya rasu. Ina zaune taku uku daga gadonsa ina ɓare lemo, maigidana yana barci. Wallahi ban ji komai ba. Bayan awa guda Baba ya dawo don ya kai maigidan gwaji, idonsa ja, bakinsa yana ƙiii, ƙiii, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Baba, kai ne direban motoci biyu. Kai ne wanda mutane ke kawar da fuska in sun gan ka, kana sane, ba ka taɓa fasa gaishe su ba. Likita ya buɗe jijiya, na gode masa. Amma abin da na ɓata da takarda, kai ka gyara da maƙogwaronka. Na gode. Allah ya sa ka huta da lafiya.

Ga wanda zai gaji gadajen nan: ka zauna da shi ko na yini ɗaya kafin ya tafi. Ga masu ofis, da ire-irena masu saurin rubutu: kafin ku gyara abu, ku tambayi mai tura shi.

Yau satinmu uku a gida. Ƙofar ɗakin maigidan tana ƙara tun da muka tare. Ɗazu na zo da man keke a hannu, na tura ta, ya ce ba tare da ya buɗe ido ba, "Injiniya, ke ce? Na ji ki."

Na fito, na ja ƙofar. Ta yi kukanta, ta rufu. Ba zan sa mata mai ba.