Sawun Yatsu a Jikin Laka

Mutanen layin suna kiransa Likita, ko da yake bai taɓa rubuta wa kowa magani ba. Aikinsa haɗa haƙoran roba ne. A wani ɗan ɗaki a bayan asibiti ya ƙare ƙuruciyarsa, ga fitila ga gilashin ƙara girma, yana ɗaukar siffar bakin mutane, yana zuba farar ƙasa a ciki, yana gogewa, har sai haƙori ya zauna kamar da shi aka haifi mai shi. Ba ya son gaggawa kuma ba ya son surutu. Da ya ajiye aiki, ya kwaso kayansa ya kawo gida: tsinkayen ƙarfe masu lanƙwasa, ƙananan burusai, kwanon roba na kwaɓi, da ragowar garin ɗaukar siffa a gwangwani. Hajiya, matarsa, ta ce ai sai ya buɗe shago a ƙarƙashin gado.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Ta karanci ilimin duwatsu a jami'a, ta sami aiki a wani kamfanin haƙar ma'adinai can nesa, amma tun tana aji ɗaya a jami'ar mutanen layin suka raɗa mata Injiniya. Ta gaji da gyara musu ta haƙura.

Ita ta jawo shi cikin sha'anin duwatsu. Wani hutu ta zo da abu a ɗaure cikin safa, bai kai ƙwan agwagwa ba.

"Baba, miƙo hannu."

Ya miƙa, ta saka masa, hannun ya yi ƙasa kamar an fizge shi. Ta dinga dariya har da riƙe ciki.

Baƙin dutse ne mai sheƙi, fuskokinsa a miƙe kamar da wuƙa aka yanka, da siraran layuka a jere a jikinsa. Ta ce daga irinsa ake fitar da tangistin, ƙarfen nan da ke yin ja a cikin tsohon ƙwan lantarki ba tare da ya narke ba, shi ya sa nauyinsa ya fi girmansa. Kamfani ba ruwansa da kyau, duk niƙewa yake yi. Amma wani lokaci akan faɗa wani ɗan kogo a cikin dutse inda abin ya tsiro a natse, babu abin da ya matse shi, irin waɗannan takan roƙa a bar mata.

Likita ya ɗauko gilashinsa, ya ga akwai jar ƙasa maƙale a tsakanin layukan, ya ɗauko tsinke. Bai tashi ba sai da Hajiya ta kira shi cin abinci sau uku.

Tun daga nan aiki ya rabu. Ita ta nemo, shi ya wanke. Ta koya masa cewa baƙin yana da gefen da idan aka ƙwanƙwasa sai ya tsage gida biyu kamar allon makaranta. Ta koya masa cewa ba a cire ƙwayar daga jikin farin dutsen da ta tsiro a kai, domin rabin kyan yana nan. Akwai kuma wani iri mai ruwan zuma, da kusurwoyi kamar dala biyu da aka haɗa gindi da gindi, wanda ke yin shuɗin haske idan aka haska masa wata ƙaramar tocila a cikin duhu. Da rana tsaka su biyun za su shige ɗakin ajiya su rufe ƙofa, Hajiya tana jiyo su daga kicin suna "Kai! Kai!" kamar yara.

Abokinsa mai yankan gilashi, wanda Likita ke kira Sarkin Gilashi, shi ya haɗa masa kabad mai hawa huɗu da 'yan fitilu a kowane hawa. Ranar da ya kawo ya tsaya yana kallon Likita yana juya dutse ɗaya, ya juya dama, ya juya hagu, yana neman fuskar da za ta kalli mutane.

"Wato ka bar haƙoran mutane ka koma haƙoran ƙasa."

"Waɗannan ba sa wari."

"Kuma ba sa biya."

"Kai ma ba ka biya naka ba, ga su nan kana dariya da su."

Injiniya tana da yadda take naɗe kayanta. Wasu jarida suke sawa, wasu auduga, ita kuwa ta ce jijjigar mota na cinye tsinin dutse ta cikin auduga. Laka take ɗiba a bakin ramin, mai laushi, ta lulluɓe ƙwayoyin da ita, ta danna da hannu har ta shiga kowane lungu, ta bari ta sha iska, sannan ta sa a kwali. In ya iso, Likita ya jiƙa shi a roba, lakar ta saki da kanta, dutse ya fito ko ƙwarzane babu. Haka suka yi shekaru, kabad ya kusa cika.

Kwali na ƙarshe direban kamfani ne ya kawo. Da yamma Injiniya ta bugo waya, muryarta a ɗan dushe.

"Baba, wannan kar ka jiƙa shi. Ka jira ni. So nake in ga fuskarka."

"Me ke ciki haka?"

"In na faɗa ai ya ƙare."

"Muryarki fa?"

"Mura ce. Ka gaida Mama."

Ba mura ba ce. Daga wurin aiki asibiti aka wuce da ita, kuma ba ta sake shiga gidan da ƙafarta ba.

Sai da masu zuwa ta'aziyya suka ɗauke ƙafa sannan ya buɗe kwalin. Curin laka ne ruwan toka, ya kai girman kwakwa, ya bushe. A gefe ɗaya akwai ramuka huɗu a jere inda yatsunta suka danna, a ɗaya gefen kuma babban yatsa. Lakar mai laushi ce ƙwarai, ta ɗauki komai. Da ya sa gilashi sai ya ga zanen fatar yatsan yana zagaye, da wani ɗan layi da ya ratsa shi a karkace, tabon da murfin gwangwani ya yi mata tana firamare. Shi ya ɗaure mata yatsan a ranar.

Ya share hawa na biyu, ya ajiye curin a tsakiya, ya juya babban yatsan yana kallon waje. Bai jiƙa ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Hajiya ba ta tambaya ba. Ita dama kabad ɗin ba ta taɓa shi, sai dai ta goge gilashin ta waje. Mutanen layi da suka saba kiranta Maman Injiniya sun koma Hajiya kawai, in wani ya yi suɓutar baki sai ya kama tari. A gidan ma ba a cika ambaton yarinyar ba. Kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa.

Kowace safiya Likita yakan kunna fitilun kabad ɗin, ya bi duwatsun da burushi, ya ɗan tsaya a hawa na biyu. Ya sha tunanin abin da ke ciki. Daga nauyin ya san baƙin ne, kuma babba. Yana so ya ga abin da ya sa ta yi masa wannan wayar. Amma hanya ɗaya ce zuwa wurin dutsen, ita ce ruwa, ruwa kuma ba zai bar yatsa ba.

Sarkin Gilashi ne ya lura. Ya zo gyara marfin da ke ƙara, ya durƙusa, ya daɗe bai miƙe ba.

"Likita, wannan tsagar da ma tana nan?"

Siririya ce kamar gashi, ta taso daga ƙasan curin ta nufi babban yatsan. Likita ya kalli tsagar, ya kalli fitilar da ke sama da ita, ya gane. Zafin da yake kunna wa lakar kullum ne ya ƙarasa busar da ita. Ya kashe fitilun nan take. Amma laka in ta fara tsagewa ba ta tsayawa. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan ɓarɓashi ya faɗo a kan gilashin.

"In yi maka akwati mai murfi, iska ba za ta shiga ba," in ji Sarkin Gilashi.

"Ba iska ba ce."

"To a shafa mata gam."

"Gam zai cike layukan."

"Kai dai ba a iya maka. Allah ya jiƙan yarinyar nan, ita kaɗai ke iya maka."

Likita ya riga ya san abin da zai yi. Ɗaukar siffa ai aikinsa ne. Ya ɗauki siffar bakin tsoho mai karkarwa, ya ɗauki ta yaro mai cizo. Garin nan idan aka kwaɓa shi da ruwa yana kamawa kafin mutum ya gama wanke hannu, kuma babu layin da ke tsere masa. In ya samu siffar, sai ya zuba farar ƙasa, yatsan ya zauna har abada, sannan ya jiƙa curin hankalinsa kwance. Bai manta cewa laka ba ta shiri da ruwa ba. Ya dai lissafa cewa kwaɓin zai kama kafin lakar ta farga.

Ya jira Hajiya ta fita dubiya da hantsi. Ya shimfiɗa tawul a kan teburin falo, ya auna gari, ya auna ruwa, ya kwaɓa da kauri. Ya shafa kwaɓin a kan babban yatsan, ya danna a hankali yadda ya saba, ya riƙe.

Tun yana riƙe da shi ya ji abin ya canza. Haƙori ba ya shan ruwa, duk abin da ya taɓa ɗaukar siffarsa a rayuwarsa ba ya shan ruwa. Wannan kuwa busasshiyar laka ce mai ƙishirwa. Ya ga gefen kwaɓin yana yin duhu, danshi yana bazuwa. Cirewa da wuri ɓarna ce, jira ma ɓarna ce. Ya jira.

Da ya ɗaga, fuskar lakar ta biyo kwaɓin. A hannunsa akwai ɗan tudu mai siffar yatsa, lulluɓe da taɓo, babu layi ko ɗaya. A jikin curin kuma rami ne jiƙaƙƙe, daga ƙasansa wani baƙin abu yana ƙyalli.

A haka Hajiya ta same shi. Ta yi sallama, bai amsa ba. Ta ajiye jakarta, ta matso, ta kalli kwanon roba, ta kalli hannunsa, ta kalli curin.

"Malam, me ka yi?"

"So na yi in adana shi."

Ta zauna a hannun kujera. Ya jira ta yi faɗa, ya fi son ta yi. Sai ta juya curin, ta kawo gefen yatsu huɗun gabanta, ta saka nata yatsun a ciki ba tare da ta duba ba. Suka shige daidai wurin.

"Ai ni waɗannan ne nawa," ta ce. "In ka tafi masallaci nakan buɗe. Kai ba ka ga bakinsu ya yi sumul ba? Da gilashinka da komai."

Ya ɗauko gilashin ya duba. Gaskiya ne, gefen ramukan ya goge, har ya ɗan yi sheƙi.

"Ban gani ba."

"Kai babban yatsa kawai kake kallo." Sannan ta ce, "Nawa sun fi nata gajarta. Naka ta ɗauko."

Tsagar yanzu ta buɗe har ana iya saka farce, danshin ya bi ta ya kusa kai wa ga ramukan huɗu. Su duka biyun sun ga haka.

"Cewa ta yi in jira ta," in ji shi.

"Na ji. Ina kusa da kai ai da ta bugo." Ta zare yatsunta, ta dube su. "Fuskarka ta ce tana so ta gani. To ni zan gani. Ɗauko robar."

Ya ɗauko robar da ya saba, ya zuba ruwa mai ɗumi. Ita ta ɗauki curin da hannu biyu, ta ce, "Wash, nauyi," ta saka shi a ciki. Ƙananan kumfa suka taso. Suka zauna suna kallo. Lakar ta fara saki daga ƙasa, ruwan ya yi toka-toka, ramukan huɗu suka yi ta raguwa har suka zama ba komai. Hajiya ta share ido da gefen mayafi, ba ta kau da kai ba.

Da ya sa hannu ya ɗago, sai da ya tallafa da ɗayan. Baƙaƙen ƙwayoyi ne dogaye, sun buɗe kamar mafici a kan farin dutse garai-garai, kowace da tsininta lafiya lau. A tsakiyarsu, a wani ɗan lungu, ƙwaya ɗaya mai ruwan zuma ta zauna, ba ta fi ƙwayar dabino ba. Bai taɓa ganin iri biyun a jiki ɗaya ba. Ya buɗe baki, ya rufe, ruwa yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan tawul.

Hajiya ba dutsen take kallo ba, shi take kallo.

"To," ta ce a hankali. "Ta yi gaskiya. Da ta sha dariya."

Ya ajiye dutsen a kan tawul, ya ja robar zai kai bayi.

"Ina za ka da shi?"

"Zubarwa."

"Kar ka zubar." Ta karɓe robar daga hannunsa. "In ya kwanta lakar za ta koma ƙasa, sai in tace ruwan."

Ta tura ƙofar baya da ƙafa, ta fita da ita tana tafiya a hankali don kada ya fallatsa, ta ajiye a inuwar katanga, ta kifa faranti a kai saboda kaji.